Na Bar Filash a Muciya, Na Tafi Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban samu sakat ba. A makaranta tambaya, a layinmu na Muciya tambaya, har mai rake na bakin masallaci sai da ya tare ni ya ce, "Hafizu, wai da gaske ne a Nijar burodi ya fi mutum tsawo?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na sake ba da labarin sai burodin ya ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Amma bari in fara faɗin wautata da bakina kafin Rifkatu ta riga ni. Filash ɗin da aikinmu yake ciki, a gida na bar shi. Kuma ba mantuwa na yi ba. Da hannuna na ciro shi daga aljihu na ɗora a kan talabijin.

Ga yadda abin ya faro. Makarantarmu tana Samaru, a Zariya, muna da kulob ɗin kwamfuta wanda Malama Talatu take kula da shi. Wata makaranta a Maraɗi ta shirya gasa, ta gayyaci ɗalibai daga garuruwa na nan da na can, kowace tawaga ta zo ta yi bayani da Hausa a kan wata sana'ar garinsu, tana nuna hotuna a majigi. Malama ta zaɓi mutum biyu: Rifkatu saboda tana da ƙwaƙwalwa, ni kuma saboda na iya latse-latse kuma ba na jin kunyar kowa.

Rifkatu 'yar ajinmu ce. Gidansu yana bayan kasuwar Samaru, babanta ma'aikacin coci ne, mamanta tana sayar da kayan miya. Zango guda ta yi tana bin mamanta da ƙawayenta tana rubuta yadda suke yanka tumatir lokacin da ya yi yawa har ana zubarwa, su shanya ya zama kauɗa, su adana shi sai ya yi wuya a gari. Ta ɗauki hotuna tun daga kwando har buhu. Matsalarta ɗaya ce, i'ina. In ku biyu ne kuke hira, wallahi sai ka roƙe ta ta yi shiru. Amma da zarar idanu sun yi mata yawa sai kalma ta maƙale mata kamar ƙayar kifi. Abin da muka gano a aji shi ne, in akwai hoto a bango, jama'a suna kallon bango, ita kuma tana zuba magana lafiya lau. Ke nan in babu silaid, babu bayanin Rifkatu.

Babanta bai so tafiyar ba. Ranar da muka je da Malama roƙonsa, ya kira ni gefe ya ce, "Hafizu, ka tabbata hotunan nan za su fito? Kada a kai mini yarinya wata ƙasa a tsayar da ita gaban jama'a a yi mata dariya."

Na dafa ƙirji na ce, "Baba, ko a duniyar wata ne za su fito."

Don masu cewa tsafi nake yi, ga yadda ake aikin. Rifkatu ta buga bayaninta a manhajar rubutu, irin wadda ake buga takardar jarrabawa da ita. Akwai wani shafi a intanet da za ka ɗora masa takardar, shi kuma ya yayyanka ta ya mayar da ita silaid da ake buɗewa a burauza kamar kowane shafin intanet. Sharaɗinsa ɗaya ne. Dole ka bi kowane kan magana ka zaɓe shi ka naɗa masa sarautar kan magana a cikin manhajar. Duk inda shafin ya ga mai wannan sarauta sai ya buɗe sabon silaid. In ka ƙara wa layi girma ko ka yi masa baƙi kawai, ko kallonsa ba zai yi ba. Na yi wannan aiki a wani shagon kwamfuta a Sabon Gari, ya fito tsaf, na ajiye shi a asusuna na shafin. Malama ta ba ni filash ta ce in sauke kwafi a ciki, na sauke.

To, shaiɗanin burga ne ya shige ni da safiyar tafiya. So nake in shiga zauren nan hannu rabbana, in latsa adireshi kawai aiki ya sauko, 'yan Nijar su riƙe baki. Umma ta ga na ajiye filash ta ce, "Wannan ɗan abin ba na tafiyar ba ne?"

Na ce, "Umma, wannan na mutanen da ne. Namu aikin yana sama, a cikin gajimare."

Ta leƙa taga ta dubi sama ta ce, "To, Allah ya sa kada a yi ruwa."

A Kwangila muka shiga mota. Direban Bakano ne, yana jin bakinmu ya ce, "Kai, yau na kwaso Zage-zagi, Allah ya kai mu lafiya." Na ce masa ai gara da ya kwaso mu, ko banza zai koyi karatu a hanya. Ya ce in na ƙara magana zai mayar da ni but ɗin mota in zauna da doya. Haka muka yi ta yi har muka wuce Shika da Giwa, Malama tana kau da kai tana dariya.

A Funtuwa na sayi awara. Mai awarar ta ƙulla mini yaji a takarda, ni kuma na ga babu inda ya dace in buɗe shi sai bakin taga, mota tana gudu. Iska ta ɗauki yajin nan ta raba wa kowa daidai wa daida. Wani dattijo a bayana ya yi atishawa har hularsa ta faɗa cinyar Rifkatu. Direba yana hawaye yana tuƙi yana cewa, "Na faɗa! Na faɗa tun a tasha!" Har muka kai Malumfashi babu wanda ya sake yi mini magana sai dattijon, shi ma cewa ya yi in miƙo masa ragowar awarar a matsayin diyya.

Mun sauya mota a Katsina, muka nufi Jibiya. Ni a raina iyakar ƙasa wata katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe da fitilu. Da muka isa sai na ga gora a kan durom biyu, da akuya tana wucewa ta ƙarƙashi ba wanda ya tambaye ta takarda. Jami'in ɓangarenmu ya leƙo ya ce, "Me kuke ɗauke da shi?" Na ce, "Ilimi, Oga." Malama ta kama kunnena ta murɗa, ta miƙa masa takardar gayyata da katunanmu.

A ɓangaren Nijar kuwa jandarma ne, kakinsa a goge kamar yanzu aka ciro daga leda, fuska babu alamar wasa. Ya sara wa Malama, ya karanta takardar tun daga sama har hatimi, ya yi mata wata doguwar magana da Faransanci. Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ko ɗaya ba." Sai ya juye Hausa, Hausar da ta fi tawa nauyi, ya ce, "Kun ce aikin ordinater za ku yi. Ina kayan aikin?" Ordinater ita ce kwamfuta a can. Na ɗaga yatsa na nuna sama. Ya dubi sama, ya dube ni, ya buga hatimi ya ce, "Allah shi sawwaƙe."

Muna wuce Ɗan Isa na duba wayata. Sandunan sabis suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana hure fitila. Na ce a raina ba komai, ai intanet ko'ina akwai shi.

A tashar Maraɗi wani malami dogo mai gilashi ya tarbe mu. A can malamin boko Mushe ake ce masa, shi kuma sunansa Mushe Isufu. Na buɗe baki zan yi magana, Malama ta harare ni, na rufe. Muka hau kabu-kabu, wato acaɓarsu, muka yi ta iyo cikin yashi har gidansa. A hanya ne na ga burodin. Wani yaro ya ɗauro su a bayan keke kamar itacen girki. Gaskiyar magana tsawonsa bai wuce hannuna ba, amma ɓawonsa in ka gatsa sai ka ji kamar kana cin tukunya. Na tuna burodinmu na Sabon Gari mai laushi da zaƙi wanda ko jariri zai iya matse shi ya koma ƙwallo, na ji kewar gida ta kama ni tun ban kwana ba.

Matar Mushe Isufu ta shigar da Malama da Rifkatu ciki, ni aka shimfiɗa mini a tsakar gida tare da wasu ɗalibai 'yan Tawa, kowa da gidan sauronsa, don a can ba a kwana a ɗaki lokacin zafi. Aka kawo dambu da zogale mai ƙuli, wanda har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Aka kuma kawo wani abu fari mai faɗi a faranti. Na ɗaga shi ina neman abincin da aka rufe da shi, na ga babu komai a ƙasa. 'Yan Tawa suka fashe da dariya. Ashe cuku ne, busasshen nono, shi ne abincin. Na ce musu a Zariya irin wannan muke yi wa littafi bango. Ɗayansu ya ce shi ya sa 'yan Najeriya ba sa ƙoshi, abinci suke kai wa makaranta.

Washegari da hantsi Mushe Isufu ya tara mu a makaranta ya ce za a fara taro bayan la'asar, kuma zauren ba ya kama rezo, wato sabis, ko kaɗan. Don haka kowace tawaga ta kawo filash ɗinta a zuba a kwamfutar majigi.

Malama ta miƙo hannu ba ta ko dube ni ba. "Hafizu, kawo."

Na ce, "Malama, ai yana lafiya."

"Yana lafiya a ina?"

"A kan talabijin."

Na yi maza na ce ba matsala, a ara mini waya in shiga asusuna in sauko da shi yanzu. Mushe Isufu ya ba ni tasa. Na sa sunana, na sa kalmar sirri. Sai shafin ya ce ya lura ina wata ƙasa, don haka ya aika wata lamba zuwa layin wayata don ya tabbatar ni ne. Layin da ya mutu tun Ɗan Isa. Na sake gwadawa, ya sake aikawa. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Turanci. Lambobin nan suna can suna yawo a sararin Jibiya suna nemana.

Na juyo na ga Rifkatu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ka... ka... ka ce wa Ba... Baba..." Ta kasa ƙarasawa. Sauran tawagogi sun watse, mu huɗu ne kawai a wurin, kuma tun muna aji ɗaya ban taɓa jin ta yi i'ina in babu taron jama'a ba. Nan duk iskar da ke kaina ta fita.

Can ta nisa ta ciro wayarta ta ce a hankali, "Takardar da na rubuta tana nan. Ban goge ba, don na san ka."

Ke nan sai a sake aikin daga farko, kuma ana bukatar kwamfuta mai intanet. Mushe Isufu ya ce ta makaranta ba ta da shi, amma akwai siber, wato shagon kwamfuta, kusa da kasuwa, mu tambayi Lawali. Kafin mu gama cuku-cukun neman abin hawa mu isa, an yi azahar.

Jama'a, garin nan kaf ya kwanta. Shaguna a rufe, teloli sun miƙe a kan benci, har karnuka sun yi matashi da ƙafa. A Sabon Gari mai shago ko zazzaɓi yake yi sai dai ya kwanta a bayan kanta yana miƙo canji. A Maraɗi kuwa in rana ta take, kowa ya tafi hutu, ko gobara ce sai ta jira. Siber ɗin Lawali ma da kwaɗo a ƙofa.

A gefen shagon, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, samari ne zaune a kan tabarma sun kewaye wata 'yar mitsitsiyar buta a kan gawayi. Irin wannan majalisa fada suke ce mata. Muka yi sallama, na ce Lawali muke nema. Wanda yake fifita wutar ya ce, "Ga ni."

Na ce, "Oga, don Allah taimaka ka buɗe mana, sauri muke yi."

Ya ce, "Nan babu Oga. Zamna."

"Wallahi aikin gaggawa ne."

"Na ɗora shayi. Baƙo ba ya iske shayi bisa wuta shi wuce. Zamna, ɗan Najeriya, duniyar ba gudu take ba."

Na dubi Malama don ta sa baki. Ta ce, "Zauna mana. Ai kai ka kawo mu." Suka jawo wa Malama da Rifkatu kujeru, ni na durƙusa a bakin tabarma ina kallon agogo.

Ni na san shayi a wajen mai shayin layinmu, kofi kamar bokiti, madara da burodi, ka kurɓe ka tashi. Wannan kuwa ibada ce. Lawali ya tafasa, ya zuba a ɗan kofin gilashi daga sama kamar mai gwada tsawon hannunsa, ya mayar buta, ya sake zubawa, ya sake mayarwa, har kumfa ta taru. Na ƙirga shekaruna suna wucewa. Da aka miƙo mini, abin bai fi cikin cokali uku ba, kuma ɗacinsa ya sa na ga kakannina. Na shanye na miƙe na ce mun gode.

Duk fadar ta kalle ni kamar na taka Alƙur'ani. Lawali ya ce, "Wannan na fari ne. Saura biyu."

A zagaye na biyu ne wani mai suna Sanusi ya tambaye mu abin da ya kawo mu. Na fara bayani ina ƙara gishiri, na ce matan Samaru suna shanya tumatir a kan kwano. Rifkatu ta ce, "Ba a kan kwano ba, yana ƙonewa ya yi baƙi. A kan tabarma ake yi, a ɗaga ta daga ƙasa." Sanusi ya ce mahaifiyarsa tana noman tumatir a Jiratawa, kuma kullum nata yana yin fumfuna. Rifkatu ta tambaye shi yadda take yankawa. Kafin ka ce me, ta shiga bayani, kaurin yanka, gishiri, irin buhun da ya dace, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na duba don in ga dalili, sai na ga idon kowa yana kan butar Lawali. Babu mai kallonta. Kunnuwa ne kawai a wajenta.

Na uku ya zo da zaƙi da na'a-na'a, kuma in faɗi gaskiya, da an ce akwai na huɗu da na zauna. Lawali ya wanke kofunansa ɗaya bayan ɗaya, ya kife, sannan ya ciro mabuɗi.

A ciki wata sabuwar fitina ta tarbe ni. Kwamfutar Faransanci take ji, kuma haruffan kibod ɗin an sauya musu gida, in na nemi wannan sai wancan ya fito. Na ɗora takardar Rifkatu a shafin ba tare da shiga asusu ba, na latsa, na juya ina murmushi. Sai ga aikin zango guda ya fito a silaid ɗaya tal, rubutu ƙanana kamar tururuwa sun taru a kan sukari, hotuna sun hau kan juna. Na manta cewa a kwafina na Zariya ne na naɗa kawunan magana. A nata kwafin girma kawai ta ƙara musu da baƙi.

Sai muka raba aiki. Rifkatu tana nuna inda kowane sashe ya fara, Lawali yana karanta mini Faransancin yana nuna inda sarautar take, ni ina latsawa. Inda bayani ya yi tsawo ta ce in sare, a bar hoto da layi biyu, sauran tana da shi a ka. Sanusi da sauran 'yan fada sun cika ƙofa suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. Muka sake ɗorawa. Wannan karon ya fito ɗaya bayan ɗaya, kwando, wuƙa, tabarma, buhu. Na sauke shi a fayil guda, hotuna da komai a ciki, na zuba a filash ɗin Lawali, na tura wayata, na tura ta Rifkatu, na tura ta Malama. Da akuyar bakin iyaka tana da waya da ita ma na tura mata.

Muka isa zaure ana sallame la'asar, 'yan fada suna biye da mu a kan babura, wai sai sun ga ƙarshen tumatir.

'Yan Tawa suka yi bayani a kan albasa, 'yan Damagaram a kan jima, duk a majigi, lafiya lau. Aka kira Zariya. Rifkatu ta hau, na buɗe silaid na farko, kwandon tumatir ya cika bango jawur. Ta buɗe baki ke nan sai ɗif, wuta ta ɗauke.

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "'Yan Najeriya, ku ce ma mutanenku su maido muna kuran!" Zaure ya kwashe da dariya, don kowa ya san daga wajenmu wutar take zuwa. Aka nemi mai janareto aka ce ya tafi neman mai. Shugabar alƙalai, wata Hajiya mai gilashi a kan hanci, ta ce lokaci ya tafi, dole a gama kafin magariba, ɗiyar ta yi bayaninta da baki kawai.

Bango ya koma fari. Duk idanun zauren suka sauko kan Rifkatu. Ta riƙe gefen siket ɗinta ta ce, "Su... su... sunana..." Wasu yara a gaba suka fara ƙyalƙyala. Na ji muryar babanta a kunnena kamar yana tsaye a bayana.

Sai na tuna butar Lawali. Na kuma tuna cewa abin da muka yi shafin intanet ne, ba ya bukatar majigi, ba ya bukatar wata manhaja ta musamman, kowace waya mai burauza za ta buɗe shi ko babu data. Na tashi na ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri kaɗan, majiginmu yana aljihunku."

Na tura wa Lawali ta bulutut, Lawali ya tura wa Sanusi, Malama ta tura wa Mushe Isufu. 'Yan fada suka bazu cikin layuka kamar masu rabon goro a ɗaurin aure, "Buɗe bulutut ɗinka! Kai, karɓi! Tura ma na kusa da kai!" Fayil ɗin ba shi da nauyi, nan da nan ya zagaye. Masu ƙananan wayoyi suka matsa kusa da masu manya, kawuna uku huɗu a kan waya ɗaya. Zaure ya sunkuya gaba ɗaya. Babu ido ko ɗaya a kan dandamali.

Na ce da Rifkatu a hankali, "Ga shi nan, duk sun koma kallon buta."

Ta dube su, ta ja numfashi ta ce, "Sunana Rifkatu, daga Samaru. Wannan kwandon da kuke gani na mamata ne. Ku ja gaba."

Yatsu suka ja gaba a tare. Daga nan ba ta sake tsayawa ba. In ta gama sashe sai ta ce ku ja gaba, ka ji zaure ya yi ɗan motsi. Ana tsakiyar bayanin buhu sai Hajiya shugabar alƙalai ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗiyata, dakata. Ni nawa tumatirin ya koma ɗanye." Ashe baya take ja. Rifkatu da kanta ta sauko ta gyara mata, tana dariya, jama'a suna kallonta, ta koma ta ci gaba ba ta ko lura ba. Saura kaɗan ta gama wuta ta dawo, majigi ya haska bango. Na miƙa hannu zan latsa, ta girgiza mini kai. A wayoyin aka ƙarasa.

Da aka tashi, Sanusi ya ce gobe zai kai wa mahaifiyarsa wayar har Jiratawa. Lawali ya ba ni wata 'yar buta tsohuwa ya ce in kai Zariya in koya wa mutanenmu zama.

Dawowa ba wani labari, sai dai muna tsallake gora wayata ta farfaɗo, lambobin nan suka shigo a jere kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. A Samaru baban Rifkatu yana tsaye a ƙofar gida. Ya ce, "Hotunan sun fito?" Ta ce, "Sun fito, Baba, a hannun kowa." Ba ta tona ni ba. Malama ce ta tona ni, da cikakken bayani, har da yajin Funtuwa. Da na isa Muciya na tarar da filash a inda na bar shi, Umma ta kife kofi a kansa don kada ya ɓata. Ta dube ni ta ce, "An yi ruwan ko?"

Ba mu ci na ɗaya ba. 'Yan Tawa masu albasa ne suka ci, Damagaram ta biyo, mu muka zo na uku, aka ba mu takardar shaida da jakar makaranta ɗai-ɗai. Filash ɗin kulob yanzu yana wuyan Rifkatu a jikin zare, kuma Malama ta kafa doka cewa ba na taɓa shi sai tana wurin.